Zoben Rawaya

Asabar, 4 ga wata, 6:20 na safe

Littafin nan kamfani ne ya raba mana a farkon shekara, ban taɓa buɗe shi ba sai yau. Ni ba mutumin rubutu ba ne. Daga aji uku na sakandare na ajiye biro na kama baro, ina bin unguwanni ina tara tarkacen ƙarfe, kuma ban yi nadama ba. Yau mutum goma sha huɗu ne a ƙarƙashina a filin tantance ƙarfe, har da masu difloma.

Shekaranjiya Alhamis tanderu na biyu ya yi tari. Haka muke cewa a nan, ba mai cewa ya fashe. Da ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna mai ƙugiya, wato mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya saki kwandon tarkace a cikinsa, sai ƙara. Narkakken ƙarfe ya yi tsalle har rufi. Mutum ɗaya ya samu, Rediyo, ƙanin matata, wanda ke tsaye a bakin tanderun yana janye kashin ƙarfe. Fuska, wuya, hannun dama. Ni na kawo shi aikin nan shekara huɗu da suka wuce.

Ni ina fili a lokacin. Daga fili zuwa tanderu ya kai taku ɗari uku.

Asabar, 5:45 na yamma

Mun je asibiti da Maman yara. An naɗe masa kai gaba ɗaya, baki kawai aka bari. Mutumin da aka sa wa suna Rediyo saboda ba ya shiru ko yana cin abinci, yau sai da na kara kunnena a bakinsa.

Ya ce, "Yaya, kai ne? Na ji ƙamshin tsatsa."

Na ce, "Kai da ka kusa mutuwa, har yanzu ba ka daina rashin kunya ba?"

Ya ce, "Batir ne ya yi sanyi, tasha tana nan."

Maman yara ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta fita. Na tambayi likita maganar idanu. Ya ce sai an kwance. Na ce yaushe? Ya ce sai an kwance.

Litinin, 6 ga wata, 1:10 na rana

Sun tsinci abin a kan rufin ɗakin injin. Kan tukunyar gas ne, da famfonsa na tagulla a ɗaure, ba a yanke ba, ba a huda ba. A gefensa akwai ɗan sauran fenti rawaya da wuta ba ta cinye ba.

Duk wanda ya yi mako ɗaya a filina ya san ƙa'ida, don ni da kaina nake koya ta. Duk abin da yake da ciki a rufe, tukunyar gas, tankin mota, bututu mai toshe, ba ya shiga kwando sai an yanke kansa an leƙa. In akwai ruwa ko iska a ciki ya haɗu da wutar tanderu, to shi ne tari. Idan an yanke an leƙa, sai a zana masa zobe da fenti rawaya. Mai ƙugiya ba ya duba komai sai zoben.

Mai yanka a filina mutum ɗaya ne, Baba Mai-wuta. Shi ke yanka, shi ke sa zobe. Gwangwanin fentin da burushi a ƙusar rumfarsa suke rataye.

Yau da safe Manaja ya kira shi, ya ce ya zauna a gida har kwamitin bincike ya gama. Ya dawo fili ya cire safar hannunsa ya ninke, ya ɗora a kan benci. Ya dube ni ya ce, "Mai Kunne, shekara talatin da ɗaya ina yanka. Ban taɓa sa zobe a kan abin da ban ga cikinsa ba."

Na ce, "Allah zai fid da gaskiya, Baba."

Ya ce amin.

Talata, 7 ga wata, 6:00 na safe

Ban yi wa kowa ƙarya ba. Ba a tambaye ni komai ba.

Laraba, 8 ga wata, 4:30 na yamma

Malama Fensir ta dawo. Na ɗauka abin da ya faru ya kore ta.

Kamfani ne ya ɗauko ta wata biyu da suka wuce, ta zana hotunan aiki don a rataya a babban zaure ranar da masana'anta za ta cika shekara arba'in. Ma'aikata suka sa mata Fensir saboda kullum akwai guda a maƙale a bayan kunnenta, ƙarƙashin hular kwanon da ta yi mata yawa. Ranar farko ta tsaya gaban tanderu ta ce ba ta taɓa ganin launi irin wannan ba, wai kamar ana haihuwar rana. Rediyo ya ce mata, "Malama, ki zo ki riƙe min sandar nan minti biyar, sai ki ga uwar ranar." Kowa ya yi dariya, har ita.

Yau ta same ni a bakin sikeli. Ta yi min jaje, ta ce ta kasa zana wuta tun ranar. Sannan ta ce, "Amma naka ya gama fitowa. Duk cikinsu shi ya fi rai. Shi za a sa a tsakiya."

Na manta cewa ta zana ni. Wallahi na manta.

Larabar da ta wuce ne, ana gobe abin zai faru. Baba ya tafi cin abinci. Ta zo da takardarta ta ce me ya sa ake ce min Mai Kunne? Na ce mata ni in na buga ƙarfe da guduma sau ɗaya, zan gaya miki ko na zuba ne ko na ƙira, ko da ciki ko babu, ko cikin da wani abu ko fanko ne. Ta ce ba ta yarda ba. Na ce to zauna ki gani.

Na nuna mata. Shi ke nan.

Juma'a, 10 ga wata, 12:15 na rana

Na je ɗakin ajiyar da aka ba ta take aiki. Warin fenti, tagar sama ɗaya, allunan zane jingine da bango. Akwai tanderu yana zuba ƙarfe kamar ruwan zinariya, akwai mai ƙugiya a kejinsa, akwai Baba da garkuwar fuska da tartsatsi. Ta janye wani ƙyalle.

Ya fi ni tsawo. Ga ni nan na sunkuya, kaina a karkace kamar mai sauraron sirri, guduma a hannun dama. Har tabon da ke goshina ta sa. Ban taɓa ganin kaina haka ba. Na yi kama da wani babban mutum.

Sai na dubi hannun hagu.

Burushi ne a ciki. Tukunyar tana tsakanin ƙafafuna. Zoben ya kai rabi.

Ta ce, "Ka ga hasken da ke kan tagullar nan ta sama? Kwana biyu na yi a kanta kafin ta yarda."

Na ce, "Malama, wannan abin na ƙasa ba ya rage wa hoton kyau? Da kin shafe shi kin sa ko tarin ƙarfe."

Ta ce, "Haba! Ai shi ne hoton. In babu shi me kake saurare?"

Na ce to hancin ya yi girma. Ta yi dariya ta ce wannan kuma ba ita ta yi ba.

Ba ta san abin da ta zana ba. Ita haske take gani.

Za a buɗe zauren ranar 25.

Asabar, 11 ga wata, 7:00 na safe

Kwana goma sha huɗu.

Tukunyar ta yi ƙarar fanko. Na rantse da Allah ta yi ƙarar fanko. Shekara ashirin da shida ina buga ƙarfe.

Litinin, 13 ga wata, 3:40 na yamma

Kwamiti ya kira ni a matsayina na shugaban Baba. Mutum uku ne a bayan teburi, Injiniya, wata mata daga babban ofis, da wani mai rubutu wanda bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Sanyin na'ura ya cika ɗakin amma rigata ta jiƙe.

Injiniya ya ce wa yake sa zobe? Na ce aikin mai yanka ne. Ya ce akwai wanda ke taɓa fentin ban da shi? Na ce ƙa'ida ba ta yarda ba. Duk gaskiya ne.

Sai matar ta ce, "A ganinka, Baba yana gani sosai kuwa?"

Da na ce yana gani. Kalma biyu ce. Mutumin nan yana iya zare ƙusa daga cikin toka da magariba.

Na ce, "To, shekaru dai sun ja."

Mai rubutu ya rubuta. Na ji ƙarar biron.

Talata, 14 ga wata, 6:30 na yamma

Duk sanda wayar ofishin fili ta yi ƙara sai in tsaya in ji ko ni ake nema. Yau sau bakwai. Ta shida ma wani ne ya yi kuskuren lamba.

Na hana kowa loda tukunya ko da an raba ta biyu, sai na leƙa da kaina. Mai ƙugiya ya leƙo daga sama ya ce, "Mai Kunne, yau kunnen hutu yake ne, ido ya karɓi aiki?" Yara suka yi dariya. Na daka musu tsawa. Ban san ko wasa yake ba. Daga kejinsa ana ganin filin gaba ɗaya.

Alhamis, 16 ga wata, 5:50 na yamma

Baba ya zo gida. Da riga mai guga, ba kayan aiki ba, har na kusa ban gane shi ba. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a bencin ƙofa. Maman yara ta gaishe shi ciki-ciki ta ajiye ruwa ta koma. Tun da ta ji maganar zoben ba ta son jin sunansa.

Ya ce ba roƙo ya zo ba. Ya ce saura masa wata tara ya yi ritaya, kuma shi ba sallamar ce ta dame shi ba. Jikarsa ce ta dawo daga makaranta ta ce an ce kakanta ya ƙona mutum.

Ya ce, "Ina ta bin ranar nan a kaina, ɗana. Tukunya biyar na yanka da safe, biyar na sa wa zobe. Na ƙirga su ya fi sau ɗari. Amma ka san tsufa. Wataƙila shida ce na manta."

Na ce, "Kada ka ce haka, Baba."

Ya ce, "To in ba ni ba, wa?"

Na dubi ruwan da ke gabansa. Bai sha ba. Ya tashi ya ce in gaida mai jiki, shi kunya ba ta barinsa zuwa.

Juma'a, 17 ga wata, 6:10 na safe

Ni da na fara da baro. Ba wanda ya ba ni komai.

Asabar, 18 ga wata, 4:00 na yamma

An kwance. Idon hagu yana ganin haske da inuwa, likita ya ce zai iya ƙaruwa. Na dama ya tafi.

Rediyo ya juyo da fuskarsa wajena, ban san inda zan sa idona ba. Ya ce, "Yaya, ashe da ido ɗaya ma muninka bai ragu ba." Na yi dariya don ya ji.

Can sai ya ce, "Tsohon nan ni nake ɗauko masa ruwan sanyi kullum. Ni nake ce masa Kaka. Da ya ce min ya gaji, wallahi da na riƙe masa wutar." Maman yara ta ce, "Bar shi da Allah. Ko a nan ko a can, wanda ya yi maka wannan zai gani."

Ta dube ni don in ce amin. Na ce.

Litinin, 20 ga wata, 1:30 na rana

Na karɓi mabuɗin ɗakin ajiya a hannun mai gadi lokacin cin abinci, na ce igiya zan ɗauko. Malama ta fita sayen katako. A aljihuna akwai tsumma da kwalbar man da ake wanke fenti da shi. Shafa uku ya isa. A ce ɓera ne ya ture kwalba, ko rufi ne ya yi yoyo.

Na janye ƙyallen. Na buɗe kwalbar. Na jiƙa tsumman.

Na fi minti ashirin a tsaye. Ba tsoron kamu ba ne ya hana ni, ba kuma tsoron Allah ba, gara in faɗi gaskiya ko a littafin nan ne. Hoton ne ya yi kyau. Mahaifina ya rasu ba shi da ko hoton katin shaida. Ni ga ni nan an zana ni da fenti, na fi ƙofa tsawo, kamar wanda ya san wani abu da duniya ba ta sani ba. Hannuna ya ƙi.

Na mayar da ƙyallen. Na manta ban ɗauko igiyar ba, mai gadi ya bi hannuna da kallo.

Laraba, 22 ga wata, 6:45 na yamma

An ce kwamiti zai miƙa rahoto ranar Litinin mai zuwa. An ce sun riga sun rubuta, saura sa hannu.

Manyan da za su zo ranar Asabar ba su san zobe ba. Manaja kansa bai taɓa taka filina da takalminsa ba. Wataƙila ba wanda zai lura. Mutane ba sa kallon ƙasan hoto, fuska suke kallo.

Alhamis, 23 ga wata, 12:50 na rana

An liƙa sanarwa a bakin ƙofa. Duk ma'aikata su zo da iyalansu.

Juma'a, 24 ga wata, 6:05 na safe

Na ce wa Maman yara zazzaɓi nake ji, wataƙila gobe ba zan je ba. Ta taɓa goshina ta ce, "Baban yara, kai da aka zana? Ko a ɗauke ne sai ka je. Na riga na goge maka farar rigar."

Asabar, 25 ga wata, 5:20 na yamma

An yi.

Manyan suka fara shiga. Suka tsaya gaban nawa, wani mai tumbi ya ce wannan shi ne ruhin masana'antar. Aka tafa. Manaja ya jawo ni ya tsayar da ni a gefen hoton, ya riƙe hannuna aka ɗauke mu. Malama ta yi bayani a kan yadda mutum ke sauraron abin da aka zubar kafin wuta ta sake haifarsa. Aka sake tafawa. Injiniya yana can baya yana waya.

Sannan aka bar ma'aikata suka shigo a layi. Suna ta surutu, suna nuna juna a hotuna, wannan ya ce an rage masa ƙeya, wancan ya ce an ƙara masa. Har suka iso tsakiya.

Ban taɓa jin shiru yana tafiya ba sai yau. Daga na gaba ya bi layi har na baya. Yaran filina ba wanda ya kai daƙiƙa biyar yana kallo. Su dubi hannun hagu, su dubi tagullar, su sunkuyar da kai su wuce. Ba wanda ya dube ni sai mai ƙugiya, shi kuwa bai ɗauke ido ba.

Ban san Malama ta gayyaci Baba ba, ashe don nasa hoton. Ya zo a ƙarshen layi da jikarsa. Ya tsaya gaban nawa. Ya matsa kusa, har hancinsa ya kusa taɓa zoben. Ya daɗe. Yarinyar ta ja masa riga.

Ya juya ya ce, "Malama, Allah ya yi wa hannunki albarka. Ba ki bar komai ba."

Ta yi murmushi ta ce ta gode. Sai ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, murmushin ya tsaya.

Baba ya wuce ta gabana. Ya ce, "Biyar ce ashe." Bai tsaya ba.

Lahadi, 26 ga wata, 7:15 na safe

Ni na sa zoben. Na buga tukunyar sau ɗaya don mace tana kallona da fensir a hannu, na ce fanko ce, na ɗauko gwangwanin Baba na zana. Niyyata in ta tafi in ture tukunyar gefe Baba ya yanka. Aka kira ni bakin sikeli, na tafi.

Na rubuta. Ban san hannuna zai iya ba.

Lahadi, 2:00 na rana

Na gaya wa Maman yara a ɗakin girki, tana zuba abincin asibiti. Ba ta bar abin da take yi ba. Ta rufe kwanon, ta ɗaure shi a ƙyalle, ta ɗauki mayafinta. Na ɗauko mabuɗin mota. Ta ce, "Bari, zan hau ta haya."

A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka bar ni na zagi tsohon nan kwana ashirin."

Ban san ko za ta gaya wa Rediyo ba. Na fi tsoron ta bar min.

Litinin, 27 ga wata, 7:40 na safe

Ina kan benci a ƙofar ofishin kwamiti. Na zo tun kafin a share. Sakatare ya ce in jira, akwai mutum a ciki. Na ce wa ya riga ni? Ya ce Baba Mai-wuta, an kira shi ya ji rahoto ya sa hannu.

Na ɗora littafin a gwiwata. Ƙofar fita tana hannun dama, taku goma. Na ƙirga.

8:05

Ya fito. Na miƙe, ban san na miƙe ba. Na ce, "Baba, ka gaya musu?"

Ya ce, "A'a. Ban kuma sa hannu ba. Sun ce ko ina da abin da zan ƙara, na ce akwai wanda ya fi ni sani yana waje."

Ya zauna a inda na tashi, ya ajiye hularsa a gwiwa. Ya ce zai jira.

Sakatare ya leƙo ya kira ni. Na ce ina zuwa.